Sabuwar Porsche 911 ta ƙi tashi a Maitama: yadda aka jona mata batir ba tare da an ƙona komai ba

Motar Porsche 911 Carrera ce, ƙirar da kamfanin ke kira 992, wadda aka fara nunawa a Los Anjeles a watan Nuwamba na 2018. Injinta lita 3.0 ne mai silinda 6 da turbo biyu, kuma a baya yake zaune. Giyarta otomatik ce mai hawa 8, wadda suke kira PDK. Sabuwa fil aka shigo da ita ta Legas, aka ɗoro ta a kan babbar mota zuwa Abuja, ba ta cika wata 4 a hannun mai ita ba. Alhajin ya tafi aikin Hajji, daga can ya zarce wata sabgar, motar ta yi kwana 47 a kulle a garejin ƙasa na gidansa da ke Maitama. Washegarin dawowarsa ya ce a fito da ita a wanke. Direba ya danna rimot, shiru. Ba fitilar da ta ƙifta, mariƙin ƙofa bai fito ba, ko ƙyas ba a ji ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa lamarin ya cancanci a bi shi daki-daki. Mutuwar batir ba wani abin tashin hankali ba ne, kowa ya saba gani. Inda haɗarin yake shi ne dabarun da aka saba yi wa Golf da Corolla tun shekaru aru-aru, waɗanda kusan kowacce idan aka gwada ta a kan wannan motar sai ta bar ɓarnar da ta ninka kuɗin batir sau da yawa.

Shawarwari uku aka kawo kafin ma a kira kowa. Maigadi ya ce a tura ta. Ba ta turuwa: giyar a kulle take a P, birkin hannunta na lantarki ne, ba ya saki sai da wuta, kuma ko da ta gangara, irin wannan giyar ba ta tayar da inji ta hanyar turi. Direba ya ce a ciro batirin Prado a sa mata, in ta tashi a zare a mayar da nata. Za a dawo kan wannan, domin ita ce mafi muni. Na uku wani bakanike ne da ke aiki a gidan maƙwabta, shi kuma da ya ji batirin na gaba, a ƙarƙashin murfin da ya ƙi buɗuwa, ya nemi a ba shi sukundireba ya ɗan banƙare murfin ya laluɓo wayar makullin. Allah ya sa Alhaji bai yarda ba. Ya sa aka kira wani mai wayarin daga Apo wanda ya saba taɓa motocin Jamus.

Shiga motar da buɗe but

A 911 tun da injin na baya, but ɗin kaya na gaba, batirin kuma yana can ciki, kusa da gindin gilas ɗin gaba, a ƙarƙashin wani murfin roba. Makullin but ɗin da lantarki yake buɗuwa, babu igiyar da ake ja a ƙarƙashin sitiyari kamar ta bonet ɗin sauran motoci. Wato batirin da ya mutu yana bayan ƙofar da shi kansa ne ke buɗe ta. Kamfanin ya san da haka, ya kuma tanadi mafita, sai dai a littafin motar take, littafin kuma na cikin motar a kulle.

Da farko mai wayarin ya zaro ɗan siririn makullin ƙarfe da ke ɓoye a cikin rimot. Ramin makullin na bayan mariƙin ƙofar direba, sai an ɗago mariƙin da hannu ake ganinsa. Da ƙofar ta saki ya ja ta a hankali ƙwarai, yana danne saman gilas ɗin da tafin hannu. Dalili kuwa, ƙofar wannan motar ba ta da firam a sama. Gilas ɗin kai tsaye yake shigewa cikin robar rufin, kuma duk lokacin da aka buɗe ƙofa yakan ɗan sauka da kansa ƙasa da faɗin yatsa, in an rufe ya koma. Babu wuta, babu wannan saukar. Buɗewa a hankali ba ta cika yin illa ba, amma rufewa da ƙarfi gilas na sama tana iya yaga robar, ko ta tarwatsa gilas ɗin baki ɗaya. Shi ya sa ya tsayar da maigadi a bakin ƙofar, ya ce masa, "Baba, aikinka ɗaya ne, kada kowa ya tura ƙofar nan, ko Alhaji ne."

A gefen hagu, wajen da ƙafar direba ke zama, akwai akwatin fis. In an cire murfinsa za a ga wani jan abu a tsakanin fis ɗin, wanda ake jawowa waje kaɗan. Ba fis ba ne, wurin shigar da wuta ne daga waje, an yi shi don wannan ranar kaɗai. Ya maƙala jan kilif a jikinsa, ɗaya bakin a kan + na wani batir mai bolt 12 da ya zo da shi. Baƙar wayar ya ɗauko daga − na batirin nasa, ya kai ta kan ƙarfen nan da ke riƙe ƙofa kada ta wage, wanda ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Yana taɓawa hon ɗin ƙararrawa ya ɓarke, garejin ya ɗauka. Direba ya yi tsalle ya kai hannu zai fizge wayar, aka riƙe shi. Kukan ƙararrawar na cikin tsarin, motar ta farka ne ta tarar an buɗe ta ba da rimot ba. Aka danna maɓallin but a jikin rimot aka riƙe kamar daƙiƙa 2, murfin ya yi ƙas ya ɗago, ƙararrawar ta yi shiru. Aka cire baƙar waya, sannan ja, aka tura jan abin ya koma mazauninsa.

A nan mutane da yawa ke kuskure. Sun ga dashbod ya ɗan kawo wuta, sai su ce bari mu murɗa makulli mu gani. Wannan hanyar siririyar waya ce, an yi ta don ta ɗauki 'yan amfiyoyin da makullin but ke buƙata. Kik kuwa, wato sitata, yakan ja amfiya 150 zuwa 300 a lokacin da yake juya inji. Littafin motar da kansa ya faɗa ƙarara cewa ba a tayar da inji ta nan.

Wani abin lura ga masu ɗan akwatin jampa na litiyom da ake yawo da shi a but: yawancinsu ba sa sakin wuta sai sun ji batir a ɗaya ɓangaren. In batirin motar ya faɗi ƙasa sosai, akwatin zai yi ta ƙifta jar fitila ya ƙi aiki, a zaci ya lalace. Wasu na da maɓallin tilasta shi, amma danna shi na kashe kariyar da ke hana wuta fita in an juya wayoyi, don haka sai an tabbatar da ja na kan ja kafin a taɓa shi.

Abin da mita ta nuna

Kafin a jona komai, mai wayarin ya karanta abin da ke rubuce a jikin batirin, kuma wannan ba ɓata lokaci ba ne. Wasu 992 da batirin AGM suke zuwa, wasu da na litiyom mai rubutun LiFePO4, su biyun kuma ba a bi da su hanya ɗaya. Na litiyom yana da makunni a cikinsa da ke yanke shi daga motar in cajinsa ya yi ƙasa, don ya kare kansa. In aka auna shi a wannan halin sai a ga kamar babu komai a ciki, alhali bai mutu ba, yana jiran a ba shi wuta daga waje ne ya sake haɗuwa. Ba a kuma sa masa cajar batirin gubar mai tsarin farfaɗowa, wadda ke harba bolt 15 da ɗoriya. Ita kuwa 911 GTS ta 2024 mai haɗa fetur da lantarki, wani babi ne dabam: batir mai bolt 400 ne a gabanta, kada ma a kusance ta da wannan bayanin sai da littafinta a hannu.

Na wannan motar AGM ne. Batirin gubar ne dai, sai dai ruwansa a tsotse yake a cikin wata audugar gilas tsakanin farantan, ba a buɗe shi, ba a ƙara masa ruwa. Lafiyayyensa in ya cika ya huta yakan nuna bolt 12.8 ko kusa da haka. In ya sauko 12.2 ya sha rabi. A 10.5 an ƙwaƙule shi tas. Mitar ta nuna 7.9.

Ya kuma duba jikinsa da fitilar waya, ya shafa gefunansa ko sun kumbura, ya sunkuya ya shinshina. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba a jona shi ko da mai motar zai yi fushi. Wannan lafiyar jikinsa kalau, cajin ne kawai babu.

Shawarar da ya fara bayarwa ita ce a bar maganar jampa, a sa caja ta kwana, gobe a tashe ta. Ita ce daidai, kuma duk wanda ba ya sauri ita ya kamata ya bi. Batirin da ya faɗi haka in aka haɗa shi da mota mai aiki, wuta yake zuƙa da ƙarfi lokaci guda, altanetar motar da ta ba da aro ta sha wahala, ta wannan ma ta ɗora daga inda waccan ta tsaya. Amma motar ta tare hanyar wata da ake son fitarwa a ranar, ga shi ba ta turuwa, janwe kuma ba zai iya sauka garejin ba. Dole aka koma ga jona batir.

Jonawar

Prado ɗin gidan aka kawo, mai fetur, mai bolt 12. Wannan ma sai an tantance. Tifa da tirela da yawancin manyan motocin dizal bolt 24 suke da shi, kuma akwai masu ganin in an ba mota 24 ta fi saurin tashi. Tana tashi kam, amma kwamfutocin da ke cikinta an gina su ne don su yi aiki tsakanin bolt 9 da 16, wasu ba za su sake farkawa ba. Motocin Toyota masu haɗa fetur da lantarki su ma ba a so a ara daga gare su, ƙaramin batirinsu ba don murɗa inji aka yi shi ba. Aka matso da Prado gaba da gaba, aka bar tazarar da mutum zai wuce, jiki bai taɓa jiki ba. Aka kashe ta, aka kashe fitilu da esi da rediyo. Mai wayarin ya cire agogonsa na ƙarfe da zoben azurfa ya sa a aljihu. Zobe in ya haɗa kan + da jikin mota, cikin ƙiftawar ido yake yin ja a yatsa.

Jerin haɗawar huɗu ne, kuma ba a sauya shi. Jan kilif na farko a kan + na mataccen batir. Ɗaya jan a kan + na Prado. Baƙi a kan − na Prado. Baƙin ƙarshe ba a kan − na mataccen batir ba, a kan ƙarfen da aka tanada a jikin motar kusa da batirin, abin da masu wayarin ke kira at, wanda littafin ya nuna da hoto.

Wannan na ƙarshen yana da dalili biyu. Tsohon dalilin: kilif ɗin ƙarshe shi ke yin tartsatsi, batirin gubar kuma yana fitar da iskar haidurojin, wadda in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri tana kama wuta. Gara tartsatsin ya tashi nesa da shi. Sabon dalilin shi ne wanda bakaniken bakin titi bai cika sani ba. A kan − na batirin akwai wata 'yar sensa da ke ƙirga duk wutar da ta shiga da wadda ta fita, da ita kwamfutar motar ke sanin yawan cajin da ya rage da kuma yadda za ta umarci altaneta. In aka maƙala kilif a kan sandar batirin kai tsaye, wutar ta bi ta bayan sensar, motar ba ta ga shigarta ba. Sai ta ci gaba da lissafin batirin fanko ne ko bayan an cika shi, ta riƙa kashe wasu kayan wuta don tattali, tsarin kashe inji a danja ya daina aiki, a shiga neman laifin da babu shi. Wannan ƙa'idar ta shafi caja ma, ba jampa kaɗai ba.

Ba a kuma yi gwajin nan na haɗa bakin ja da baƙi a ga ko za su yi tartsatsi ba. Mita na nan, ta ishe.

Aka tayar da Prado, direba ya riƙe ta a zagaye 1,500 zuwa 2,000 a minti. Wayar farko da aka yi amfani da ita ta gidan ce, irin wadda ake saye a hannun masu talla a go-sulo, mai kaurin roba kamar babban yatsa. Bayan minti 10 aka gwada. Dashbod ya kawo, kik ya yi ƙat-ƙat-ƙat, fitilu suka dushe, inji bai juya ba. Direba ya ce, "Oga, ko dai kik ɗin ne ya tafi?" Mai wayarin bai amsa ba, ya kama wayar ya miƙa masa. Ta yi ɗumi. Ya auna a kan Prado, 14.1. Ya auna a kan Porsche, da ƙyar ta haura 12, in an murɗa makulli kuma ta rufta ƙasa da 8. Ya ɗan zame robar daga gindin kilif, sai ga 'yan siraran zaren alminiyom da aka yi wa fentin jan ƙarfe, duka ba su kai kaurin tsinken tsire ba.

Lissafin a fili yake. Waya mai mita 3 zuwa da mita 3 dawowa, mita 6 ke nan. In alminiyom ce mai kaurin murabba'in milimita 6, amfiya 200 za su zubar da sama da bolt 5 a hanya, su zama zafi. In jan ƙarfe ce ta gaske mai murabba'in milimita 25, asarar ba ta kai bolt 1 ba. Ma'aunin Jamus na wayoyin jampa, DIN 72553, ya ware mai murabba'in milimita 16 ga injin fetur da bai wuce lita 2.5 ba, 25 kuma har zuwa lita 5.5. Wannan injin lita 3.0 ne, 25 ce tasa. Nauyi ke tona asirin jabu: ta gaske in ka ɗaga za ka ji ta a hannu.

Aka kashe Prado, aka kwance, aka sake ɗaurawa da tasa wayar bisa jerin nan. Ya ɗan murza kowane kilif don haƙoransa su ci ƙarfe sosai. Wannan karon mita ta nuna 13.6 a ɓangaren Porsche. Ya ce a jira minti 15 cur, duk da Alhaji na tsaye yana duba agogo. Jiran ba don ado ba ne. Muddin mataccen batirin na fanko, shi zai riƙa shanye rabin wutar da ake aikowa, kik ya samu saura. In ya ɗan ƙoshi kuwa, sai ya koma mai taimako. Ƙa'idar murɗawa ita ce kada a wuce daƙiƙa 15, in ba ta kama ba a huta minti 1 kafin a sake, saboda kik ba shi da abin da ke sanyaya shi. Ba a ma kai ga haka ba. Ƙafa a kan birki, murɗawa ɗaya, injin ya kama daga baya.

Bai yi gaggawar cire wayar ba. Ya bar su a haɗe minti 5, sannan ya kunna fankar cikin Porsche a ƙarshe da hitar gilas ɗin baya, ya bar fitilun gaba a kashe. Wannan nauyin shi ke shanye ɗan tsallen da wutar ke yi a lokacin rabuwa. Sai ya kwance daga ƙarshe zuwa farko: baƙi daga jikin Porsche, baƙi daga Prado, ja daga Prado, ja daga Porsche. Mita a kan batirin ta tsaya a 14.4, alamar altaneta na aikinta.

Yanzu a koma ga shawarar direba, ta sa batirin aro a zare shi inji na aiki. A tsofaffin motoci masu kafireto an sha yin haka an wanye lafiya, shi ya sa dabarar ta zauna a zukata. Batir a motar da ke aiki ba rumbu ba ne kawai, shi ne katifar da ke danne hawa da saukar wutar altaneta. In aka zare shi altaneta na tsaka da tura amfiya masu yawa, wutar ba ta da inda za ta, sai ta yi tsalle. A altanetar da ba ta da kariya tsallen kan kusanci bolt 100, a mai kariya ma yakan kai 35, na ɗan abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Motar nan kuwa kwamfutoci ne da dama a cikinta, na inji, na giya, na birki, na sitiyari, na jakar iska, duk a kan layin wuta ɗaya. Abin takaicin, ba lallai ɓarnar ta bayyana nan take ba. Sai bayan mako biyu giya ta fara shirme, ba wanda zai tuna da ranar da aka zare batir. Juya wayoyi, ja a kan baƙi, shi kuwa ba ya jira: dayod ɗin altaneta da babban fis ne ke fara tafiya. Duk waɗannan kuma ba ɓarna ce da garanti ke ɗauka ba.

Bayan ta tashi

Dashbod ya cika da gargaɗi, har da na PSM, tsarin da ke hana motar zamewa. Ba a ruɗe ba. Aka juya sitiyari hagu da dama, aka yi 'yar tafiya a miƙe a cikin layin, suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Gilas ɗin ƙofofi aka sake koya musu iyakarsu: a ja maɓallin har gilas ya rufe, a saki, a sake ja a riƙe. Sai da aka ga gilas na sauka da kansa in an ja mariƙi sannan aka sallami maigadi daga gadin ƙofa. Daga baya aka sa kwamfutar dubawa aka share tarin lambobin ƙarancin wuta da suka taru, don kada su rikita wanda zai duba ta nan gaba.

Alhaji ya ce to a kai ta titin filin jirgi a dawo, ai ta yi caji. Wannan ma tsohuwar fahimta ce. Batirin irin waɗannan motoci tsakanin Ah 70 da 80 yake, Ah kuwa ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne, wato amfiya sau awa. A ƙaddara ma altaneta na zuba masa amfiya 30 ba yankewa, rabin awa Ah 15 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Zai isa ya tashe ta gobe, a ɗauka magana ta ƙare, alhali batirin na zaune a yunwace. Kuma kason ƙarshe na caji a hankali yake shiga, ko da me ake tura shi. Aka fitar da ɗayar motar, aka mayar da Porsche kusa da soket, aka ɗaura mata caja mai amfiya 7 a tsarin AGM, ja a kan +, baƙi a kan at. Awa 10 a lissafi, amma da jinkirin ƙarshe ta kai 14. Ɗauke wuta ba matsala ba ne, cajar wat 100 da 'yan kai take ci, inbatar gidan ta riƙe ta ba tare da ta ji ba.

Saura tambayar da ta fi damun mai motar: ta yaya sabuwar mota za ta kashe batir? Sabuwar mota ba ta nufin cikakken batir. Daga masana'antar Stuttgart zuwa tashar jirgin ruwa, makonni a teku, zaman jiran kwastan a Legas, ana tashinta minti biyu a matsar a kashe, duk a jikin batirin. Da ta iso Abuja kuma tafiyarta ba ta wuce Maitama zuwa Wuse 2, minti 10 da esi a ƙure. Da wuya in ta taɓa cika. Ga zafi: zubar da batirin gubar ke yi da kansa yana kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, Abuja kuwa ba Jos ba ce.

Amma wannan kaɗai bai isa ya kai shi 7.9 ba, don haka mai wayarin ya dawo washegari da mita mai baki da ake maƙala wa waya. Ya bar but a buɗe, ya danna harshen makullinsa da sukundireba don motar ta zaci a rufe yake, ya kulle ta da rimot, ya kai rimot ɗin can cikin gida, ya jira minti 40 ta yi barci. Motar zamani da ta yi barci miliyamfiya 20 zuwa 50 take sha. Wannan 78 ta nuna. Ya bi wayoyin ƙarƙashin dashbod ya tarar da tiraka, na'urar bin sawun mota, da aka sa mata bayan an shigo da ita, an jona ta a layin da ba ya ɗaukewa. Ya zare ta, ya sake jira, mita ta sauko 26. Garejin a ƙarƙashin ƙasa yake, sabis ba ya isa sosai, tirakar kuwa dare da rana tana ta ƙoƙarin kamo layi da iyakar ƙarfinta.

Miliyamfiya 78 sau awa 24 ya kusa Ah 1.9 a yini. Batirin Ah 70 da aka ajiye da kashi uku cikin huɗu, cikin kwana 28 ya ƙare. Wato ya yi kusan kwana 19 a kwance fanko, kuma nan ne asarar gaske take. Batirin gubar in ya daɗe babu caji, salfet ɗin da ke kan farantansa yakan daskare ya ƙi narkewa, wannan kason ya tafi ke nan. Bayan cajin da hutun awa 12 ya tsaya a 12.5 maimakon 12.8. Na'urar gwaji ta ba shi ƙarfin tayar da inji na amfiya 610 cikin 760 da ke rubuce a jikinsa, kashi 80 cikin 100. Yana tayar da mota ba gardama, kuma mita ba ta faɗi ƙasa da 9.6 ba a lokacin murɗawa. Mai wayarin ya ce a bar shi a sake gwadawa bayan wata ɗaya, hukuncin kuma mai kyau ne, tun da batirin bai shekara ba kuma sau ɗaya ya faɗi. Da karo na biyu ne, ko da ya sauka ƙasa da kashi 70, canji ya fi.

Ranar da za a canja, ba a sa masa batirin ruwa don ya fi araha, AGM ake mayarwa mai ƙarfi daidai da na asali, a kuma shigar da bayanin sabon a kwamfutar motar. In ba a yi ba za ta ci gaba da yi masa cajin tsoho, ya tsufa da wuri. Mai na litiyom kuma ba ya komawa AGM da sifana 10 kawai.

Tirakar ba a jefar da ita ba, Abuja ce. An sa masu ita sun saita ta ta riƙa barci in mota na tsaye, aka sake aunawa, 34. Aka kuma bar wa motar 'yar cajar kiyayewa da ke zama a jone duk lokacin da za ta wuce mako 2 ba a hau ba, wadda ke tsayawa da kanta in batir ya cika. Direba ya kawo shawarar ya riƙa ɗumama ta minti 5 kowace safiya. Minti 5 a silo da ƙyar yake mayar da abin da ya zuba a yini, ba ya cika komai, ga shi injin bai yi zafin da zai kori danshi daga mai da salansa ba. Ya ce to in Alhaji zai yi tafiya a cire kan batir kamar yadda ake yi wa Prado. A 911 wanda ya cire kan batir ya rufe but ya mayar da kansa bakin akwatin fis da jan kilif a hannu.

Ba duk motocin tsere ne ke da wannan wahalar shiga ba. BMW M4 da Toyota Supra ta 2019 batirinsu na but ɗin baya, amma an fito musu da wurin jonawa mai jan murfi a ƙarƙashin bonet, bonet ɗin kuma da igiya yake buɗuwa. Mustang nata na gaba wajen inji. Jerin wayoyin da maganar at da haramcin zare batir inji na aiki kuwa duk ɗaya ne a cikinsu. Littafin Porsche ɗin yanzu a ɗakin direba yake, an ninke shafin akwatin fis.